Waƙar Yaye a Bakin Mayya

Akwai wani wasa da yaran Birnin Gwari suke yi a gindin ganuwa da la'asar. Yarinya ɗaya ta yafa tsumma a ka, ta ranƙwafa, ta riƙa jan ƙafa tana waƙa, sauran su kwanta a ƙasa kamar masu barci. Da ta kai ƙarshen waƙar sai su tashi su watse da ihu, wanda ta kama ya zama nama. Duk ranar da na wuce na ji su jinina tafasa yake yi, in ji kamar in karyo reshe in bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba na yi, don yara ne, iyayensu ma suna goye lokacin da abin ya faru. Amma waƙar nan ta mahaifiyata ce, kuma ni na fitar da ita daga gidanmu da bakina. Shi ya sa da tsufana na nemi takarda da tawada, in rubuta yadda aka yi da ɗan ajamin da na iya, kafin in mutu a ce ai dama can waƙar mayya ce.

Inna sana'arta man kaɗanya, amma abin da aka san ta da shi a unguwarmu yaye ne. A al'ada idan yaro ya isa a cire shi daga nono, gidan kakarsa ake kai shi, ya kwana bakwai ko goma ba ya ganin uwarsa har ya haƙura. To a shekarun nan mahara sun watsa ƙauyukan daji, mata da yawa a cikin birni ba su da uwa a kusa, wata ma ba ta san inda aka yi da tata ba. Irin waɗannan su suke kawo wa Inna. Ba ta taɓa cewa a ba ta komai ba. Wata ta zo da ƙwaryar gero, wata ta zo da godiya kawai, duk ɗaya ne a wurinta. Ni ne autanta, mahaifinmu ya rasu tun ina ƙarami, don haka na tashi a ɗakin da ba a rasa kukan yaro. Kukan ɗan yaye kuwa daban ne, kuka ne na wanda aka yi wa laifi kuma ya sani. Inna ta goya shi, ta ɗaure majanyi, ta zauna tana fasa ƙwarar kaɗanya a kan dutse, tana jijjiga baya tana cewa:

Lallaɓa, lallaɓa, ɗan baƙona,
kaɗanya ta zuba, biri ya riga ni,
na bar masa tudu, na bar masa kwari,
ni dai na tsinci mai kuka.
Kunu na wuta, zuma na gora,
gobe uwarka za ta zo.

Ita ke nan, ba ta fi haka ba. Daga bakin uwarta Bagwariya ta ji ta da Gwaranci, ita ta juya ta da Hausa, kuma ba a yin ta a kowane gida sai namu. Yaro mai taurin kai ya ji ta sau uku, a na huɗu wuyansa ya saki.

Ina da kamar shekara ashirin da biyar ina bin ayari da jakuna biyu, in kai man Inna kasuwannin ƙauye in dawo da kanwa da gishiri. Dajinmu ba a ratsa shi ɗaya ɗaya, sai an taru an bi madugu. A wata tafiya wani dogon mutum mai molo ya shiga cikinmu. Ba ya sayar da komai sai labari. Kasuwa kasuwa yake bi, ya shimfiɗa buzu, ya kaɗa molo har a taru, sannan ya zuba, a riƙa jefa masa kuɗin wuri. Tatsuniya da rana tsaka, abin da tsofaffi suke hana yara. Shi kuwa cewa yake yi nasa ba tatsuniya ba ne, abin da ya gani da idonsa ne a yawon duniya. Wannan ce babbar ƙaryarsa, kuma ita ta ci mu.

Mun sauka bakin wani rafi da azahar don jakuna su sha ruwa, sai ɗan wata mata da ke cikin ayarin ya ɓarke da kuka ya ƙi shiru. Madugu ya ɓata rai, don a dajin nan kukan yaro yana tafiya nesa, kuma ba ka san wanda zai ji ba. Uwar ta yi iya yinta, ta rasa yadda za ta yi. Na ce ta miƙo shi. Na saɓa shi a kafaɗa na yi masa waƙar Inna ƙasa ƙasa, kafin jakuna su gama shan ruwa ya yi barci. Mata suka yi ta dariya wai gardi da reno.

Mai molo ya matso ya tsuguna kusa da ni. Ya ce, “Samari, ina ka samo wannan?”

Na ce, “Ta Innata ce.”

Ya ce in ƙara yi. Na ƙara. Ya ce in sake, yana bina da molo a hankali, har sau uku. Ni kuma kaina ya kumbura, bakina ya ƙi rufuwa. Na gaya masa yadda ake kawo mata yara, da yadda take fita tsintar kaɗanya da sassafe, da gidanmu a kan tudu kusa da ganuwa, har tabon ƙunar da ke bayan hannunta na hagu, wanda ta samu wurin suyar ƙwara. Ba wanda ya tambaye ni tabon nan. Ni na ɗora don labari ya yi daɗi. Kai, wauta ba ta ciwo, da tana yi da ranar nan an ɗauke ni ranga ranga.

Bayan kusan shekara na iso kasuwar Kusasu da kayana, na ga taro a gindin tsamiya, na ji molo. Kafin in sauke mangala na ji waƙar. Wallahi farko murna na yi. Na kutsa ciki, na tarar da mata sun ƙanƙame 'ya'yansu, maza sun yi tsit.

Labarinsa na wata tsohuwa ne a wani gari mai ganuwa a bakin daji. Tana tsintar kaɗanya, tana karɓar yaran yaye, kowa na yabonta. Idan ta goya yaro ta yi masa waƙa ya yi barci, sai ta zare kurwarsa ta cusa a cikin ƙwarar kaɗanya, ta soya tare da sauran, ta lashe man. Ran bakwai uwa ta zo ta karɓi ɗanta yana dariya, ba ta san fanko ta ɗauka ba, kafin wata ya mutu yaron ya bi shi. Ya ce da idonsa ya ga tsohuwar, kuma alamarta tabon ƙuna a bayan hannun hagu, inda kurwar wani yaro ta yi tsalle daga kasko ta ƙone ta. Duk inda labarin ya kai gaɓa sai ya saki waƙar. Bai canja ko kalma ɗaya ba, jan ta kawai yake yi yana shaƙe murya. Abin da ya fi ƙona min rai, ɗan banzan nan ya iya. Ni da na san gaskiya sai da tsigar jikina ta tashi.

Na ce da ƙarfi, “Ƙarya kake yi.” Mutane suka juyo, wasu suka yi dariya, wani dattijo ya ce in yi shiru ko in tafi, ina ɓata musu labari. Mai molo ya ɗaga min hannu kamar ya ga tsohon aboki, ya ci gaba. Ina jira ya gama aka zo aka ce madugu ya ɗaura kaya, wanda bai shirya ba ya kwana nan. Na bi ayari. A hanya na riƙa lallashin kaina cewa bai ambaci gari ba, bai ambaci suna ba, kuma tsakanin Kusasu da gida akwai daji.

Labari bai san daji ba. Kafin in zagaya ta Kazage in koma gida ya riga ni shiga birni, a bakin masu daddawa da matan Fulani masu nono da duk wanda ya ci kasuwa ya dawo. Ba wanda ya fito fili ya ce komai. Sai dai wata biyu ba a kawo yaro ko ɗaya ba. Masu sayen mai suka ragu. A rijiya mata suka fara ba Inna hanya, irin ba da hanyar da ba ta girmamawa ba ce, kowace tana jan ɗanta bayan zani. Inna ta ce wai gari ya yi sanyi, ko haihuwa ce ta ragu. Wata rana wata yarinya mai talla ta wuce ƙofar gida tana rera waƙar, Inna ta ajiye muciya tana dariya, ta ce, “Auta, ji waƙata ta yi ƙafa ta fita yawo.” Na yi murmushin yaƙe na fice. Ban gaya mata ba. Na iya surutu a bakin rafi gaban baƙo, a gaban uwata kuma bakina ya mutu.

Mutum ɗaya ce ta ƙi jin maganar mutane, matar maƙerin da ke maƙwabtaka da mu. Ba ta da kowa a garin, Inna ce ta zauna mata wankan jego, don haka da ɗanta ya isa yaye ta kawo shi. Ya kwana takwas, ya koma da kumatu. Bayan kamar kwana goma, tsakiyar damina, zazzaɓi ya kama shi har yana sanƙarewa. Wane yaro ne ba ya zazzaɓi da damina a garin nan? Amma yayar maƙerin ta zo daga unguwarsu, ta duba yaron, ta tambayi inda aka yi yayensa, shi ke nan.

Da hantsi aka aiko mai unguwa yana kiran Inna. Na bi ta. Ƙofar zauren ta cika, an kwantar da yaron a tabarma, uwarsa na gefe ta rufe fuska. A nan, a gaban jama'a, Inna ta fara jin labarin tsohuwa mai kaɗanya, daga bakin yayar maƙeri. Ta saurara har ƙarshe. Da aka zo kan tabo na ga ta ɗora hannun dama a kan na hagu.

Na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, ni na koya wa mutumin nan waƙar a bakin rafi, madugu shaida ne. Bai taɓa ganin Inna ba.”

Yayar maƙeri ta ce, “Bai taɓa ganinta ba ya san tabon hannunta?”

Na ce, “Ni na gaya masa.”

Ta ce, “To ai ɗa ba zai tsaya ya ce uwarsa mayya ce ba.” Mutane suka gyaɗa kai kamar ta kawo hujja daga littafi.

Limamin unguwa yana wurin. Ya ce wannan ba ya cikin addini, zato zunubi ne. Ya faɗa a hankali, sau ɗaya, yana kallon tasbaharsa, da ya ga ba a amsa ba ya ce ana jiransa wurin ɗaurin aure. Har ya mutu ban ƙara bin sa salla da zuciya ɗaya ba, Allah ya yafe mini. Mai unguwa kuwa ya ce shi bai ce ita ce ba, amma rai ne a kwance, idan ba ta riƙe komai ba me zai ci ta don ta tsallaka?

Abin da ake yi ke nan idan an zargi mutum da maita. A ba shi ruwa ya kurkure baki ya zuba a ƙwarya a ɗura wa mara lafiya, sannan ya tsallake shi sau uku, wai kurwar ta koma. Wasu suka ce sai ta tuɓe. Mai unguwa ya ce a bar mata zani ɗaya, kuma har gobe yana ganin alheri ya yi mana. Na miƙe zan yi magana, maza biyu suka riƙe ni. Ɗaya daga cikinsu a bayan Inna aka yaye shi, ni na sha ɗebo ruwan da aka wanke masa kashi.

Inna ta ce, “Auta, bari. Riƙe min mayafina.” Ta cire mayafi ta cire kallabi ta miƙo mini. Ban taɓa ganin furfurarta a rana ba sai ranar, ni da maƙeri da mahauci da duk wani ɗan iskan da ya zo kallo muka gani tare. Ta kurkure baki. Ta tattare zani ta tsallaka, ta juyo ta tsallaka, ta sake. Gwiwarta na ciwo, a na uku sai da ta dafa ƙasa. Da ta miƙe ta dubi uwar yaron ta ce, “Ki rufe masa ƙirji, akwai sanyi.” Ta karɓi kallabinta muka koma gida.

Bayan kwana uku yaron ya tashi yana neman kunu. Da ya mutu da sun ce ta cinye shi. Da ya warke suka ce ta sake shi. Ku gaya mini ta ina mutum zai fita? Har maƙerin ya aiko da goro wai godiya. Na watsa shi a kwata.

Da ruwa ya ɗauke na bar jakuna a gida na shiga neman mai molo, kasuwa kasuwa, har na same shi a Saminaka. Yana wani sabon labari ne, amma jama'a suna ta roƙo ya yi na tsohuwa mai kaɗanya. Na jira suka watse, na tsaya a kansa na gaya masa duk abin da ya faru, tun daga rijiya har zuwa kallabi. Ya saurara yana ɗaure tsirkiyar molonsa.

Ya ce, “Assha. Amma samari, ni ban kira sunan kowa ba.”

Na ce, “Ka ce da idonka ka gani.”

Ya ce, “In ban ce haka ba wa zai zauna? Kuma labari in ba waƙa a ciki ba ya kwana a kan mutane. Taka ta yi daɗi, shi ya sa.”

Na ce, “Me ya hana ka sa ta a bakin mutuniyar kirki, yadda na ba ka ita?”

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce, “Wa zai tsaya a rana ya bar cinikinsa don ya ji labarin tsohuwa mai kirki? Kuma ai ba ƙwata na yi ba, kai ka ba ni, har da gyara.” Sannan ya ce tunda abin ya dame ni, daga yau zai mayar da tabon hannun dama, ya ce garin yana hayin kogi.

Na fizge molon na maka shi da dutse, ƙoƙon ya rabe biyu. 'Yan kasuwa suka taso suka yi mini dukan da na kwana biyu ban miƙe ba, wai na kashe musu nishaɗi. Kuma banza na yi. Lokacin mutum uku ke yawo da labarin ban da shi, daga baya ma na ga wani malami ya rubuta shi a takarda, fatake suna ɗauka su karanta wa juna a zango. A takardar ma tabon yana nan a hannun hagu.

Inna ba ta ƙara yin waƙar ba, ba ta ƙara yin wata ba. Ta ci gaba da manta, ni nake kai shi ƙauyukan da ba a san daga hannun da ya fito ba. Na yi aure, muka sami 'ya mace. Shekara biyu Inna tana kallon yarinyar nan tana girma a tsakar gida ɗaya, tana yi mata dariya daga nesa, tana dama mata kunu ta ba uwarta ta ba ta. Idan aka miƙa mata ita sai ta ce hannunta da mai, ko bayanta na ciwo. Matata ba ta da uwa a raye, don haka da yaye ya zo ba wani gidan da za a kai ta. Da safe na ɗauki yarinyar na je inda Inna take fasa ƙwara.

Na ce, “Inna, ga baƙuwarki, yau aka cire ta.”

Yarinyar ta miƙa hannu tana zillo za ta je wurinta. Inna ta ajiye dutsen, ta mayar da hannuwanta duka biyu bayanta.

Ta ce, “Kai ta gidan mai unguwa, uwargidansa ta iya.”

Na ce, “Haba Inna, jikarki ce fa. Wa zai yi magana? Duk wanda ya buɗe baki ni da shi ne.”

Ta ce, “Ba mutanen gari nake ji ba. Damina ta kusa. Idan ta yi zazzaɓi, kai ma za ka dube ni.”

Na so in rantse mata, amma na san ƙarya zan yi. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, yau ga shi a takarda. Ranar da aka shigo aka ce ɗan maƙeri ya tashi, muna zaune ni da ita, wani abu ya gilma mini a zuciya, bai fi ƙiftawar ido ba: to ya aka yi ya warke? Ni da na ba da waƙar, ni da na ba mutumin rabin labarinsa, na ɗaga kai na dubi hannunta na hagu. Na ɗauka ba ta gani ba.

Sai da safiyar yayen nan na gane ta gani. Ta ce, “Je ka, Auta, rana na yi. Ka tafi mata da majanyina sabo, yana kan igiya.”

Na ɗauki majanyin na fita da yarinyar tana kuka tana leƙen bayana. Har na kai ƙofar gida ina jin ƙarar dutse a kan ƙwara. Inna ta yi shekara shida bayan nan, na haifi uku a gabanta, ba ta goya ko ɗaya ba.